Ba Kaye Ba Ne

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kokawa a garuruwan bakin iyaka, daga namu ɓangaren na Katsina har cikin ƙasar Maraɗi, kuma ba a taɓa kai gwiwata ƙasa ba. An yi canjaras da ni ba adadi, an tsaga mini kunne, an taɓa gurɗa mini kafaɗa har na yi wata biyu ana sa mini riga, amma kaye dai babu. Ba alfahari nake yi ba, ko da yake in alfaharin ne ma ina da hujja. Na faɗa ne saboda wanda bai san wannan ba, ba zai gane abin da ya same ni a Dubai ba, a shekarar da kulob ɗinmu na ƙwallon zari-ruga ya hau rukuni na sama.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya koya mini kokawa. Mutumin Maraɗi ne, gajere mai faɗin ƙirji, ba ya dariya sai ya ga dalili. Shi ma ɗan kokawa ne a zamaninsa. Sau ɗaya tak aka kada shi, yana da shekara ashirin da tara, kuma a ranar ya kwance walkinsa bai ƙara shiga fili ba. A wajensa maganar ba ta da tsawo: gwiwa ta taɓa ƙasa, makaɗa sun juya wa wani, kai kuma ka je ka nemi sana'a. Ranar da na kada mutum na farko a fili, ina ɗan shekara goma sha biyar, ya daina kirana da sunan da aka raɗa mini, ya koma ce mini Tsayayye. Tun daga ranar ban sake jin sunana a bakinsa ba, ko da faɗa yake yi mini.

Shi ne kuma ya jawo ni Dubai lokacin da kokawa ta daina ciyar da gida. Yana aiki a wani sito na kayan gyaran mota a unguwar Ras Al Khor, shi ne babba a kan masu lodi. Inji ne, giyabos ne, ƙofofi ne, mu cusa su a kwantena a aika wa 'yan kasuwar gida. Aikin ƙarfi ne, ni kuwa ban zo da komai ba sai ƙarfin, don haka muka zauna lafiya da aikin.

Wata rana wani Bature mutumin Afirka ta Kudu ya zo neman giyabos ɗin tsohuwar jif ɗinsa. Motar ɗaga kaya tana can wani lodin, ni kuma ba na son jira, sai na rungumo giyabos ɗin na ɗora masa a bayan mota. Bai ko dubi abin da ya saya ba. Wuyana ya yi ta kallo, yana zagaya ni kamar mai taya ragon layya. Ya tambaye ni ko na taɓa buga ragbi, na ce ban san shi ba. Ya ce in zo filinsu ranar Talata bayan magariba, in taho da gajeren wando. Ashe shi ne kocin kulob ɗin.

Ragbi, wasan da mutanenmu ke kira zari-ruga, mutum goma sha biyar ne kowane ɓangare, da ƙwallo mai siffar gwanda. Da hannu ake ɗaukarta a gudu da ita zuwa ƙarshen filin abokan karawa, su kuma su tare ka da ƙirji su kai ka ƙasa. Ba a jefa wa ɗan'uwa ita gaba, sai baya, dokar da ta yi wata uku tana ba ni haushi. A cikin wasan akwai lokacin da ake tsayawa, ƙarti takwas-takwas su sunkuya su haɗa kafaɗu da kawuna, a sa ƙwallo a tsakiya a yi ta turereniya. Sikiram suke ce masa. Nan aka sa ni, a sahun gaba, lamba uku. Ranar da na fara cusa kaina a ciki na ji warin zufa da na ciyawa, na ji wani ƙato yana neman lanƙwasa mini wuya, sai na ji an mayar da ni gida. Na so wasan nan tun daga ranar, so na gaske, ba na wucewar lokaci ba.

Shekara uku muna ƙaramin rukuni. Abokan karawarmu ma'aikatan banki ne da malaman makaranta da dillalan gidaje, Turawa masu tumbi da ke fitowa motsa jini ranar Asabar. In an miƙo mini ƙwallo sai in rungume ta in yi ta tafiya, mutum biyu ko uku na rataye a jikina, 'yan kallo suna tafi. In tafiyar ta ƙi, in juya in miƙa wa na baya ina tsaye. In kuma ni ne mai tarewa, in kama mutum in kada shi irin ta gida, ina tsaye a kansa. Gaskiya ne sikiram yakan rushe, mutum goma sha shida su zube a kan juna har da ni, amma wannan ban taɓa sa shi a lissafi ba, rushewar gini ce, ba wanda ya kada wani. Koci yakan girgiza kai ya ce wata rana zan haɗu da daidai ni. In ce masa inshallah, in ci gaba da abina.

Sai muka ci rukuninmu, aka ɗaga mu sama. A watan Agusta, ana saura makonni a buɗe sabuwar kakar wasa, koci ya tara mu ya ce wasan yara ya ƙare. Kulob ya sami mai ɗaukar nauyi, za a fara ba da kwantiragi, kuma sunan mutum talatin kawai za a rubuta. An ɗauko 'yan wasa shida daga Fiji da Afirka ta Kudu, mutanen da ba su da wata sana'a sai wannan. A lamba uku gurbi biyu ne. Ɗaya an riga an ba wani ɗan Fiji, ɗayan kuma mu uku ne a kansa. Za a yi wasan gwaji a ƙarshen Satumba, washegari a fitar da sunaye. Wanda ba ya ciki sai ya koma wajen masu tumbi na ranar Asabar. Shekarata talatin da biyu a lokacin, na san in wannan ta wuce ni ba za a sake buɗe mini ƙofar ba.

A ɗakin sauya kaya kowa ya zama masani. Wannan ya ce kulob kaza na hanyar Abu Dabi sun sayo sahun gaba gaba ɗaya, wancan ya ce masu riƙe da kofi sun tsufa, bana za su sha kashi. Wani ya rantse kafin sabuwar shekara za a dawo da mu inda muka fito, wani ya ce in mutanen Fiji ba su ji ciwo ba za mu ƙare a tsakiyar tebur. Ni ban sa baki ba. Ko a ina kulob zai ƙare, ina so a ƙare da ni a ciki, iyakar hasashena ke nan.

Atisayen farko da sababbin 'yan wasa bayan asuba aka yi shi, don zafin Agusta a garin nan ba ya barin a yi gudu da rana. Ko a lokacin iskar ɗumi ce, mai laima, riga tana manne wa mutum tun bai motsa ba. Aka miƙo mini ƙwallo na rungume, na nufi ɗan Fijin nan da niyyar in gaishe shi gaisuwar da ba zai manta ba. Ya fi ni tsawo da kai guda. Na zaci ƙafafuna zai nema, yadda kowa yake yi. Sai ya buɗe hannuwa ya rungume ni tare da ƙwallon, ya ɗago ni kaɗan, wani ya zo ya kama ta baya. Muka tsaya cirko-cirko. Ni a raina canjaras ne, kuma canjaras da irin wannan ƙato ba abin kunya ba ne. Koci ya busa usur ya ba su ƙwallo.

Na ce masa ban faɗi ba. Ya ce ai matsalar ke nan. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Turancin da zan gane. A dokar wasan, in an riƙe ka a tsaye, ƙwallo ta maƙale ba ta fita, alƙali zai ba abokan karawa ita. In kuwa ka kai jikinka ƙasa ka tura ta baya, 'yan'uwanka za su tsallake ka su kare ta, wasa ya ci gaba a hannunku. Masu tumbi ba su da ƙarfin riƙe ni, shi ya sa na shekara uku ina cin karena babu babbaka. Waɗannan kuwa sun iya, kuma duk kulob ɗin da ke rukunin sama yana da irinsu. Ya ce a sikiram na fi sauran biyun nesa ba kusa ba, amma ba zai rubuta sunan mutumin da ke ba abokan karawa kyautar ƙwallo duk lokacin da ya taɓa ta ba.

Har ya tambaye ni yadda ake cewa ƙasa da harshenmu, don ya riƙa tuna mini. Na gaya masa, amma bakinsa bai iya ƙa ba. Haka na yi wata guda, duk na ɗauki ƙwallo sai in jiyo shi daga bakin fili yana ce mini kasa, kasa. Ni kuwa in kasa ɗin.

Ba taurin kai ba ne kaɗai, ko da yake akwai shi. Na gwada. Ina gudu ina gaya wa kaina yanzu zan sauka, amma da zarar hannun namiji ya kama ƙuguna sai ƙafafuna su buɗe da kansu, bayana ya ƙage, duk abin da Kawu ya dasa mini tun ina yaro ya tashi tsaye. Jikina bai san wata doka ba sai tasa. Sau shida aka karɓe ƙwallo a hannuna a mako guda, kuma ina ganin sauran biyun da muke takara suna zubewa a ƙasa ba ko kunya, kamar buhun da aka sauke, koci yana yaba musu. Na tsane su a lokacin, ban ɓoye wa kaina ba.

Na kai wa Kawu maganar wata rana da azahar, muna cin shinkafa a inuwar sito, a kan kwali. Bai taɓa zuwa kallon wasana ba, abin da ya sani kawai shi ne ina turereniya da Turawa kuma ba a kada ni. Na yi masa bayanin dokar tiryan-tiryan. Ya gama tauna abin da ke bakinsa.

"Bon," ya ce, da ɗan Faransancinsu na Maraɗi. "Wasan ga, sai mutum ya hwaɗi kahin a ce ya iya?"

"Ba faɗuwa ba ce irin wadda ka sani, Kawu. Dabara ce."

"Ƙato na riƙe da kai?"

"Yana riƙe da ni."

"Gwiwa ta kai ƙasa?"

"Ta kai."

"To mi ya rage? Kaye ne."

Na ce masa ai gwiwar nan tana taɓa ƙasa kullum, sau biyar a rana ma. Ya ajiye cokali ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

"Wannan ga Allah ne, ba ga ƙato ba. Kak ka ƙara haɗa su. Ka ji ni, Tsayayye, abu guda gare ka a duniyar ga wanda babu mai shi. Turawan ga suna da kuɗi, suna da hili, suna da likita. Wanga abu ba su da shi. In sun ce sai ka ba su shi kahin su rubuta sunanka, ka bar musu takardarsu."

Na tattara kwalin na kai shara, raina yana tafasa, don rabin zuciyata ta yarda da shi.

Ranar Juma'a bayan masallaci mukan je kasuwar Naif mu sha shayi a shagon wani Alhaji Bakano, mai sayen kaya a sitonmu. Mutum ne mai bakin tsiya, kuma labari ba ya wuce shi. Yana ganina ya fara.

"Habibi, zo ka zauna. Ni fa wasan nan naku tun daga sunan nake shakka, zari ka ruga, ai a Kano ɗaure mutum ake a kan wannan. To kai ba ka iya zara ba, da wannan jikin ba ka iya rugawa ba, yanzu kuma an ce faɗuwar ma ba ka iya ba? Me suke yi da kai?"

Aka yi ta dariya, har masu ɗaure dilolin takalma a ƙofa. Na ce masa ya zo fili ranar gwaji ya ga abin da suke yi da ni. Bakina ne ya ja mini. Ya ce khalas, magana ta ƙare, zai zo, kuma da Kawu zai taho a motarsa, ko da ɗaukarsa zai yi. Na dubi Kawu ina jiran ya ƙi, sai ya kurɓi shayinsa ya ce dakor, ya yarda, zai tahi ya gani.

Wanda ya taimake ni shi ne wanda ban zata ba, ɗan Fijin nan. Gurbinsa ba ya rawa, don haka ba abin da zai rasa. Bayan atisaye wata safiya ya kira ni gefe, ya ce ya lura ina jira sai an kama ni sannan in fara tunanin sauka, a lokacin kuwa an makara. Ya ce tun kana gudu za ka zaɓi wurin, taku biyu bayan mutumin da ke gabanka. Ka sunkuya ƙasa da ƙirjinsa, ka huda shi da kafaɗa, ka kai wurin da ka zaɓa, ka ajiye kayanka. Ya nuna mini sau uku a kan ciyawa, ƙato kamar shi yana kwanciya yana tashi ba abin da ya dame shi.

Kalmar ajiye kaya ce ta shige ni, don wannan aikina ne. Injin da ya suɓuce daga hannu da injin da aka sauke duk a ƙasa suke, amma kowane mai lodi ya san ba ɗaya ba ne. Na farko ƙarfinsa ne ya fi naka, na biyu kai ka kai shi inda kake so. Na yi kwanaki ina juya wannan a raina. Kaye shi ne wani ya kai ka inda ya ga dama, a lokacin da ya ga dama. In ni na zaɓi wurin, ni na zaɓi lokacin, na kuma tashi da ƙwallo a hannun mutanena, to wa ya kada ni?

Na fara koya a ɓoye. Lokacin hutun rana, in ma'aikata sun kwanta a ɗakin sanyi, sai in zagaya bayan wata tsohuwar kwantena in shimfiɗa kwalaye, in rungumi matatar iska ta babbar mota a madadin ƙwallo, in yi ta zubewa ina tashi. Ranar farko da gwiwata ta taɓa kwalin da gangan sai da na waiga, ko da yake na san ba kowa. Kunya ce ta kama ni, irin ta wanda aka leƙa yana wanka. A mako na biyu na fara yi a atisaye, ba kullum ba, sau ɗaya a cikin uku. Koci dai ya rage ce mini kasa.

Wasan gwajin bayan la'asar aka yi shi, mu da mu, an raba mu gida biyu. 'Yan kallo ba su kai hamsin ba, matan 'yan wasa ne da 'ya'yansu. Shi ya sa ban sha wahalar hango su ba, Alhaji da babbar riga yana fifita da hula, Kawu a gefensa cikin farin kaftanin da yake zuwa Idi da shi, hannuwansa a kan gwiwoyi. Yadda yake zama a bakin filin kokawa ke nan.

Sikiram biyu na farko na tura wanda ke gabana har ya taka ƙafar na bayansa. Sai ƙwallo ta zo hannuna. Na zaɓi wurina kamar yadda aka koya mini, na sunkuya, amma kafin mu haɗu idona ya faɗa kan farin kaftanin nan, sai na ji bayana ya miƙe. Mutum biyu suka rungume ni. Na ja su taku huɗu, na tsaya, aka busa usur aka ba su ƙwallo. Na jiyo Alhaji yana tafi shi kaɗai, don bai san an yi asara ba. Kawu ya gyaɗa kai a hankali. Koci kuwa ya rubuta wani abu a takardarsa, ya juya ya ce wa ɗaya daga cikin abokan takarata ya tashi ya fara ɗumama jiki.

A nan ne raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi ba a fili. Ba da koci ba, ba da ɗan Fiji ba. Na dubi tsohon nan da nake ƙauna fiye da kowa a garin, na ga mutumin da ya faɗi sau ɗaya yana da shekara ashirin da tara, da ƙarfinsa da lafiyarsa, ya hukunta kansa shekara talatin yana loda motoci, bai ƙara jin an kaɗa masa ganga ba. Yanzu kuma yana so in bar wasan da nake so tun ban ma faɗi ba, don in adana masa gwiwa mai tsabta in kai ta kabari. Na ce a raina wallahi ba zan yi ba.

Minti biyar bayan nan ƙwallo ta sake zuwa. Ɗan Fijin ne a gabana, ya buɗe hannuwa. Na zaɓi wani ɗan wuri da ciyawa ta ƙone, taku biyu a bayansa. Na sunkuya har na ga igiyar takalminsa, na sa kafaɗa a cinyarsa, na ji ya ja baya. Ya kama ni ta ƙugu, na ci gaba da tafiya da shi har wurin, sannan na kai gwiwar dama ƙasa, na bi ta da kafaɗa, na juya na tura ƙwallo baya da hannu biyu. Takalma suka tsallake ni. Kafin in ɗago kai ƙwallo ta yi nisa, tana hannun mutanena a can ɗaya gefen.

Ba wanda ya tafa, ba wanda ya yi ihu. Abin da na shekara goma sha bakwai ina tsoro ya faru, fili bai ma lura ba. Ɗan Fijin ya dafa kaina ya tashi ya bi wasa. Na tashi ni ma, gwiwata da koren ciyawa da ɗan jini. Na sake yi sau huɗu kafin a tashi, kuma ban ƙara duban wajen 'yan kallo ba. Wanda aka ce ya ɗumama jiki sai a minti goma na ƙarshe aka sa shi.

Na same su a wajen ajiye motoci. Alhaji ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya dubi fuskar Kawu, sai ya ce bari ya je ya kunna sanyin mota. Na durƙusa na gaishe da Kawu. Idonsa yana kan gwiwata.

"Na ga kaye biyar," ya ce.

"Ba kaye ba ne, Kawu. Sauka na yi. Ni na zaɓi wurin."

"Ran da anka kada ni, ni ma ce ma kaina na yi santsi ne. Duk wanda anka kada yana da sunan da yaka ba abin."

"To ka kira shi yadda ka so. Kai sau ɗaya ka faɗi ka bar fili. Ni ba zan bari ba."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Yadda na faɗe ta ya dame ni har yau, amma abin da na faɗa ban janye ba. Ya buɗe ƙofar mota ya shiga, ya tattara bakin kaftaninsa don kada ƙofa ta datse shi. Ni na bi jirgin ƙasa na metiro na koma.

Washegari da safe muna loda kwantena sai wayata ta motsa a aljihu. Koci ne ya aiko da jerin sunayen. Na tsaya a bakin kwantena na bi su da yatsa, hannuna duk baƙin mai. Ina ciki, na biyu a lamba uku, bayan ɗan Fiji. Ya rubuta sunan nawa ba daidai ba, ya cinye harafi guda, amma nawa ne. Na mayar da wayar aljihu ban gaya wa kowa ba, ina neman ta inda zan fara da Kawu.

Sai na ji an kira ni daga cikin sito. Ban waiga da farko ba, don muryar da sunan ba su taɓa haɗuwa a kunnena ba tun ina ɗan shekara goma sha biyar. Ya sake kira. Kawu ne, yana tsaye a kan wani inji, ya kira ni da sunan da mahaifina ya raɗa mini, cikakke, ba fushi a muryarsa, ya ce in zo in kama masa. Abin ya soke ni fiye da yadda na zata. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Masu lodi suna kallona. Sannan na tuna sunan nan ne a takardar koci, shi za a kira ranar Asabar in an buɗe kaka, kuma mai shi ba a taɓa kada shi ba, ko Kawu ya yarda ko bai yarda ba. Na amsa da ƙarfi yadda duk sito zai ji, na ce na'am, Kawu. Na je na kama ɗaya gefen injin, muka ɗaga tare, muka kai shi bakin kwantena muka sauke.